Shaguna uku, kullum da yamma sabis sai ya tsaya: ina neman shawara kafin azumi

Abban Shago:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, raina ne a jagule. Mahaifinmu ya fara da shagon kayan masarufi ƙwaya ɗaya a Kabuga tun ina firamare. Da ƙarfinsa ya fara raguwa sai ya damƙa wa Yayana sarin kaya, ni kuma ya ba ni lissafi tunda ni na yi boko. Yanzu shagunan uku ne: na Kabuga, babba mai hawa biyu a Zoo Road, da ƙarami a Hotoro. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 cinikinmu ya koma tiransifa da POS, ni kuma na matsa wa Alhaji muka sa manhajar lissafi mai haɗa shagunan, yadda in an sayar da katan ɗin madara a Hotoro zan gani ina zaune a Zoo Road. Yaya bai so ba tun farko, cewa ya yi littafi bai taɓa ɗauke sabis ba. Har gida maganar ta kai, sai da Hajiya ta shiga tsakani.

To yanzu kullum daga la'asar zuwa isha sai na'urorin kanta su tsaya cak, mutane su yi layi. Ranar Juma'a wata baiwar Allah ta ajiye kwando cike da kaya ta fice, a gaban Yaya. Kowane shago rauta (na'urar da ke raba intanet) ɗaya ce mai sim, a Zoo Road na ƙara abin ƙara nisan waifai guda biyu. Alhaji ya ce in ba a gyara kafin Sha'aban ya ƙare ba, a koma littafi. Me zan saya?

Maman Iman:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita ƙanina. Ni dai abin da zan ce, duk wanda zai yi maka aikin, kar ya tafi sai ya rubuta maka kalmar sirrin shiga rautar a takarda. Wani yaro ya haɗa min a shagon atamfa, ya karɓi kuɗinsa, ya koma Abuja da kalmar a kansa. Wata shida ina kira ba ya ɗauka. Ƙarshe sai goge komai aka yi aka fara daga farko, na sake biya. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ɗan ƙawata ne.

Injiniya:
Abba, ka ba mu tarihin gida amma ba ka faɗi abin da ake buƙata ba. Na'urori nawa ne a kan waifai ɗin? Akwai kyamara? In abin ya tsaya, alamar waifai ce ke ɓacewa, ko tana nan intanet ne babu? Cuta biyu ce daban, maganinsu ma daban. Amma tun yanzu ina gaya maka, abin ƙara nisan nan ka cire shi. Da baki ɗaya yake karɓa yake kuma mayarwa, don haka kusan rabin gudun yake cinyewa. Kai kuma biyu ka sa.

Abban Shago:
Ranka ya daɗe, kyamara takwas ne a Zoo Road, duk na waifai. Na'urar kanta huɗu. Sai wayoyin yara masu aiki da na 'yan gida in sun zo. Abin ƙara nisan kuwa ya taimaka gaskiya, kafin in sa shi ko ɗigo ba a samu a sama.

Injiniya:
To ga cutar nan ka faɗa da bakinka. Kyamara takwas suna tura hoto dare da rana ta iska, ga wayoyin yara suna kallon bidiyo, duk a kan rauta ɗaya wadda don ɗaki da falo aka ƙera ta. Shekara goma sha ina wannan aikin a garin nan, abin da zan faɗa maka ba ya canzawa. Duk abin da ba ya motsi a ja masa kebul: kyamara, kwamfutar kanta, firinta. Kebul ɗin Cat6 yana kai mita 100 lafiya lau, kuma in ka sayi suwic (akwatin da kebul ɗin duk ke haɗuwa a ciki) mai ba da wuta ta cikin kebul, kyamarar ba ta buƙatar soket nata. Sannan a maƙala na'urar waifai ɗaya a silin kowane hawa, ita ma da kebul. Zangon waifai na 2.4 GHz yana ratsa bango, amma hanyoyi uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma a Zoo Road kowane maƙwabcinka yana kansu. Zangon 5 GHz ya fi sarari da gudu, sai dai rufin siminti yana kashe shi, shi ya sa sama ba ta samu. A raba waifai gida biyu, na ciniki da na ma'aikata, a ƙayyade wa na biyun gudu. Kowane shago layi biyu na kamfani daban-daban, rautar ta juya da kanta in ɗaya ya faɗi. In ka ɗauki kayan waifai iri ɗaya a duk shagunan, samfurin Omada ko UniFi, daga wayarka za ka riƙa ganin ukun. Wanda duk ya gaya maka wani abu ban da wannan, kuɗinka yake so.

Ɗan Kwari:
Injiniya kana tsawaita abu. Ya sa Starlink kawai, intanet ta tauraron ɗan'adam, ya huta. Tun Janairun 2023 ta shigo ƙasar nan, mu a layinmu haɗa kuɗi muka yi mu shida muka ɗora a saman bene. Abin da ya dame mu yanzu ba sabis ba ne, mutum biyu ne da ba sa biyan kason wata sai an yi ta binsu kamar bashin gado. Ɗaya ma cewa ya yi ai shi bai cika amfani da shi ba, alhali yaransa ne kullum a kai.

Injiniya:
Starlink layi ne da ke shigowa, ba ta gyara cunkoson cikin shago. Ka kawo ruwan dam ɗin Tiga gaba ɗaya, in bututun gidan tsinke ne, tsinke za ka samu. Kuma shago uku faranti uku ne, kuɗin wata uku, ga ta fi rauta shan wuta nesa ba kusa ba. In aka yi ruwa mai ƙarfi a Agusta ma takan yi rauni.

Baban Khalifa:
Ku bi a hankali. Ya ce daga la'asar zuwa isha. Abba, ba lokacin da ake ɗauke muku wuta ku tada janareta ba ne? Duk sanda wuta ta ƙifta, rauta sai ta mutu ta sake tashi, minti biyu ko uku kafin ta kama sabis. Ni ƙaramin batir na rauta na saya a Farm Centre, matsalata ta ragu sosai. Kuma lokacin ne kowa ke kan waya, turken sabis na unguwa ya cika. Ka gwada wannan kafin ka fasa bango. Sannan ka sani wani abin ba a hannunka yake ba. A watan Maris na 2024 da kebul ɗin ƙarƙashin teku ya yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, masu fayiba da masu sim duk tare muka zauna muna jiran alat.

Abban Shago:
Na gode muku duka. Maganar wuta akwai ƙamshin gaskiya, a Hotoro ba mu da inbata. Amma jan kebul ba zai yiwu ba, haya muke a Zoo Road, mai ginin ko ƙusa ba ya so a buga. Kyamarorin kuma bara na saye su, ni na kawo shawarar, ba zan iya komawa wurin Alhaji in ce a zubar ba. Raba waifai ma da wuya. In na hana yaran Yaya kalmar sirri, gobe maganar tana gida. Ni a ganina rauta mai 5G zan saya babba, in bar sauran yadda suke.

Injiniya:
Ba a fasa bango, akwai robar da ake liƙawa a bi da kebul ta ciki, ranar tashi a ɓare. Kuma ban ce ka hana kowa ba, na ce ka ba su nasu. Ka sayi 5G ɗin, kyamara takwas suna nan suna jiranta. In an kwana biyu za ka dawo nan da wannan tambayar.

Maman Iman:
Injiniya a sassauta masa mana, yaron nan tsakanin uba da wa yake. Ku masu aikin nan kullum sai ku lissafo kayan miliyoyi kamar a ƙasa ake tsintar kuɗi. Tunda aka ƙara kuɗin data a farkon 2025 layi ɗaya ma da ƙyar nake riƙewa, kai kana cewa biyu a kowane shago.

Auwalu Sabon Gari:
Ni tambayata, manhajar taku ba ta aiki in babu intanet? Wasu suna ajiye cinikin a na'ura, in sabis ya dawo su tura. Ka tambayi wanda ya sayar muku. Kuma POS ai da sim ɗinsa yake zuwa, shi ma tsayawa yake ko na'urar lissafin ce kawai? Nawa ma Alhaji ya ware wa aikin?

Abban Shago:
Wanda ya sa mana manhajar abokina ne tun makaranta, ba na so ya ga kamar ina zargin aikinsa. Kuɗi kuma ba mu yi maganarsu da Alhaji ba tukuna, so nake in je masa da abu ɗaya tsayayye. Yanzu dai wani ya turo min hoton rauta mai eriya shida, ya ce har hawa uku tana kaiwa. Akwai wanda ya taɓa amfani da irinta?

Ɗan Kwari:
Turo hoton mu gani.