Tambaya kan zagin Turanci da yaranmu suke kwasowa a fina-finai

Wani uba, Unguwar Rogo, Jos:
Assalamu alaikum. Jiya bayan magariba na ji ɗana mai shekara 14 ya ce wa ƙaninsa "scumbag" saboda sun yi saɓani a kan cajar waya, da na tambaye shi ma'anarta kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce a fim ya ji. Ni "bloody fool" da "idiot" na tashi ina ji a bakin malamai da sojoji, wannan kam baƙuwa ce a kunnena. Ina roƙon masu ilimin Turanci su bayyana mini nauyinta, domin in san irin faɗan da ya dace da shi.

Malamar Turanci, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Malam. Tana nufin mutumin banza, wulaƙantacce, wanda ba shi da ko ɗigon mutunci, kuma Amurkawa ne suka fi furta ta. Asalinta ya fi ma'anarta muni, domin da farko kwaroron roba ake kira da ita a maganar bariki, sai daga baya aka mayar da ita zagi, kuma da yawa daga cikin Turawan kansu ba su san haka ba. Ta fi "jerk" nauyi nesa ba kusa ba, domin "jerk" mai rashin kirki ne da ban haushi kawai. Wadda ni ta fi yi mini ciwo a aji ita ce "moron". A 1910 wani masani Ba'amurke, Henry Goddard, ya ƙirƙiro ta a matsayin sunan da likitoci za su riƙa kiran masu tawayar fahimta, don haka duk wanda ya jefi wani da ita, da lalurar bayin Allah yake zagi.

Wani dattijo, Gangare:
Malama, Allah ya ƙara ilimi. Ni "bastard" ce take tayar mini da hankali. Yaron da ba zai taɓa iya buɗe baki ya ce wa wani shege a gaban mahaifinsa ba, sai ka ji ya faɗe ta da Turanci a tsakar gida ko a jikinsa, saboda harshen da ba a nono aka sha shi ba ba ya sa mutum kunya. Alhali kuwa uwar wancan yaron ya taɓa, kuma aya ta 4 ta Suratun Nur bulala 80 ta yanke wa wanda ya jefi kamilar mace da zina ba tare da shaidu huɗu ba.

Wani uba, Unguwar Rogo, Jos:
Na gode, Malama, na gode, Baba. Zan zaunar da shi yau bayan isha'i ya ba ƙaninsa haƙuri a gabana. Asalin kalmar dai ba zan iya faɗa masa da bakina ba, kawunsa zan roƙa ya yi masa wannan bayanin ranar Juma'a idan ya zo gaisuwa.