Ƙirgar shaho da mikiya masu ƙaura a duwatsun Bahar Maliya: ta ina za mu fara?

Ɗan Sawakin:
Assalamu alaikum. Mu matasa shida ne, muna so mu sa kai a bazarar nan mu ƙirga tsuntsaye masu farauta da ke wucewa arewa. Madubin hangen nesa biyu kawai gare mu. Ina za mu tsaya, a wane wata, kuma yaya ake ƙirga abin da yake ta kewaye a sama ba tare da an maimaita ba?

Malamin Kasala:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ku bar bakin teku, ku hau dutse. Manyan tsuntsayen nan ba sa son kaɗa fiffike. Iskar zafi da ke tashi daga ƙasa in rana ta buga ita ke ɗaga su, su yi ta kewaye har su yi sama, sannan su miƙe su zame zuwa wata. Kan ruwa babu irin wannan iskar, shi ya sa suke gudun teku. Da kaka da yawansu kan tsallaka ta Babul Mandab, tsakanin Yaman da Jibuti, amma da bazara sai su bi gaɓar yamma, ta Sudan da Masar, su zaga ta Suez. Ku nemi tudu wajen Sinkat ko Arkawit, garuruwan kan dutse a gabashin Sudan, inda ba abin da ya tare muku kudu, ku zauna nan har ƙarshen aiki. Wanda ya sauya wuri kowane mako ba shi da abin da zai kwatanta baɗi.

Ba tare suke zuwa ba. Mikiyar da Larabawa ke kira uƙabul badiya ita ke buɗe hanya, Fabrairu zuwa Maris. Hawwam, shahon nan mai ruwan ƙasa-ƙasa, da shirwa sukan cika sama daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu. Hawwamun nahal, mai tonon gidan zanzaro da rina, sai ƙarshen Afrilu zuwa Mayu.

Kada ku ƙirga su suna kewaye, nan kowa yake faɗawa rami. Tsuntsu ɗaya zai gifta idonka sau uku. Ku jira su kai ƙololuwa su fara zarewa a jere, sannan ku zaɓi alama ɗaya, kan wani dutse ko turken waya, duk wanda ya wuce ta shi ne ya shiga lissafi. In sun yi yawa, a ƙirga goma, a riƙe girman wannan goman a ido, a riƙa aunawa goma-goma. Carbin lantarki da ake saƙalawa a yatsa ya isa: iri ɗaya, carbi ɗaya. Mutum biyu na kallo, ɗaya na rubutu, a canji juna bayan awa biyu don ido na gajiya.

Yayar Gadarif:
Malam ya gama da babban ɓangare, sai dai takardar rubutu ta fi madubin muhimmanci a ganina. A raba ta awa-awa. Kowace awa a sa inda iska ke fitowa da ƙarfinta, yawan gajimare, nisan da ido ke kaiwa, da mutum nawa ke kallo. Awar da ba a ga komai ba a rubuta sifili, kada a bar gurbin fayau, don gurbi fayau yana nufin ba a duba ba. Da tsakar rana sukan yi sama ƙwarai su ɓace a shuɗin sama, ga ƙura ga hucin zafi na girgiza hoto, sai mutum ya ɗauka wucewa ta tsaya. A riƙa share sama da madubi mai lamba 8x42 ko 10x42, wato mai ƙara girma sau takwas ko goma, ba da ido kawai ba.

Wajen ganewa, ƙannena, ku fara da wutsiya. Ta shirwa a tsage take. Ta farar ungulu, rakhama, mai tsini ce, babbar fara da baƙin gefen fiffike da rawayar fuska, 'ya'yanta kuwa duhu ne. Ƙaramar uƙabul badiya tana da farin zane a tsakiyar ƙasan fiffike. Hawwam kan ɗan ɗaga fikafikansa sama in yana kewaye, na nahal kuwa a shimfiɗe yake riƙe su, ga ƙaramin kai kamar na tattabara. Abin da ya gagara a rubuta "mikiya, ba a tantance ba". Ya fi cinke.

Kuma ba duk mai tashi ne matafiyi ba. Shirwa da ungulun da ke shawagi kan mayanka da juji 'yan gida ne. Matafiyi ba ya waiwaye.

Baban Port Sudan:
'Ya'yana, kafin komai ku nemi izini a rubuce. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, a ga matasa kan dutse da madubi da takarda ba ƙaramar magana ba ce. Ku je wa hukumar kula da namun daji da jami'an tsaron yankin, ku gaida shehunan Beja masu ƙasar, ku nisanci tashar jirgin ruwa da filin jirgi da duk wani sansani. Kowa ya riƙe ruwa lita huɗu zuwa biyar, da rumfa.

In an ba ku dama, ku riƙa duba gindin turakun lantarki. Tsohon layin da ya tashi daga Port Sudan zuwa Khor Arba'at, kimanin kilomita 31, ya shafe shekaru yana kashe rakhama masu sauka a kansa, sai a 2014 aka kashe shi bayan an ja sabo mai rufi. Gawar da aka gani a ɗauki hotonta da na turken, a rubuta wuri da rana.

Ɗan Sawakin:
Allah ya saka da alheri. To mu da ba mu da hali sai Juma'a da Asabar fa?

Yayar Gadarif:
Ku yi, amma ku riƙe awanni iri ɗaya, misali takwas na safe zuwa huɗu na yamma, kuma kada ku ninka adadin kwana biyu ku ce na mako ne. Tsuntsayen nan sukan taru su wuce cikin 'yan kwanaki, ƙila ranar Talata. Ku shigar da kowace rana daban a eBird ko Trektellen, shafukan intanet na adana ƙirgar tsuntsaye, tare da awannin da kuka zauna.