Wata baba mai ciwon suga ta daina kula ni, ina na kuskure?

Maman Hanif:
Salam jama'a. Ni nas ce, wata takwas kenan da fara aikina a Alice Springs, tsakiyar Ostireliya, kuma galibin marasa lafiyarmu 'yan asalin ƙasar ne, Aborijin, waɗanda suga ya taɓa musu ƙoda. Akwai wata baba da ake mata wankin ƙoda sau 3 a sati, kawai sai ta ɓace kwana goma wai an yi rasuwa a ƙauyensu, ta dawo ƙafa a kumbure numfashi da ƙyar. Na ɗan yi mata faɗa, to tun ranar in na zo sai ta sunkuyar da kai ko uffan. Abin ya tsaya min a rai wallahi. Taurin kai ne ko ni ce ban fahimta ba?

Bazazzagi:
Wa alaikis salam. Yaya, ba taurin kai ba ne, na daɗe ina aiki a Darwin, can arewacin Ostireliya, na gani da yawa. Zaman makoki a wajensu wajibi ne, wanda bai je ba kamar ya yanke zumunci, kuma ki duba matar nan an rabo ta da ƙasar kakanninta da jikokinta da masu jin yarenta an ajiye ta a gari saboda injin wankin ƙoda, wani ƙauyen kamar Kintore ya fi kilomita 500 daga inda kike. Ga tsohon tabo, gwamnati ta yi shekaru tana ƙwace musu yara, sai 2008 firaministan lokacin, Kevin Rudd, ya nemi gafara a majalisa, don haka in mai kayan asibiti ya ɗaga murya ba ke kaɗai take ji ba. Kuma kunya babban abu ce a wurinsu, faɗa a gaban mutane ya fi allura zafi. Ki tambayi Purple House, wata ƙungiyar Aborijin mai wankin ƙoda, nan garinku suke, masu zanen Papunya Tula, wani kamfanin masu zane na Aborijin, su ne suka yi gwanjon zanensu a 2000 aka tara sama da dala miliyan 1 don a kai injin ƙauye, har mota gare su mai wankin ƙoda a ciki.

Ummu Sultan:
Hmm kamar Hajiyarmu a Kano. Likita ya hana ta shinkafa da lemo, amma in an je biki sai ta ci don kar a ce tana da suga a fara mata sannu sannu. Ranar da muka daina tsare ta da tambaya ne ta fara gaya mana gaskiyar awonta.

Malam Sani:
Ni dai a ganina kin yi daidai, rai ake magana. In ta mutu a hanya fa?

Bazazzagi:
Malam ba wanda ya ce ta daina zuwa, a shirya mata tafiyar ne tun kafin ta gudu. Sugan ma ba daga sama ya faɗo ba, fulawa da sukari da ganyen shayi aka riƙa raba musu a sansanonin da aka tara su. Wata masaniya mai suna Kerin O'Dea ta wallafa bincike a 1984, mutum 10 masu suga suka koma daji a yankin Kimberley sati 7 suna farauta da kamun kifi, awonsu ya sauka sosai.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai. Yau na samu ma'aikaciyar lafiya 'yar yarensu muka zauna gefenta, ban yi maganar magani ba, gaisuwar rasuwa na yi mata. Ashe ƙanwarta ce ta rasu. Ta nuna min hoton jikokinta a waya, su bakwai.