Gasar kifin bass: ta masu jirgi ce kaɗai, ko marar jirgi ma yana da rabo?

Auta (Atlanta): Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shekara biyu ke nan duk Asabar ina zuwa tafkin Lanier da sandar fatsata, daga gaɓa nake jefawa. Wani abokin aikina ya ce in zo in shiga kulob ɗinsu na masu kama kifin bass, suna gasa sau ɗaya a wata, kuma wai ba dole sai ina da jirgi ba. Da na faɗa wa Alhaji a waya sai ya ce kar in ɓata kuɗina, harkar ta masu jirgi ce, marar jirgi ɗan rakiya ne kawai. Shi ne na kawo maganar nan ku taya ni dubawa.

Alhaji (Houston): Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Auta, ka je inda ake sayar da waɗannan jiragen ka ga farashi. Sabon jirgi da injinsa da na'urorinsa yana haura dala dubu 70 ba tare da wani ya yi mamaki ba. Ga tirela, ga motar da za ta ja shi, ga inshora, ga mai. Kai kuma marar jirgi da aka ɗora a bayan jirgin wani, mai jirgi ne yake tsaye a goshi, ƙafarsa a kan ƙaramin injin lantarki, shi ke zaɓar inda za a tsaya, shi ke fara jefa ƙugiya a duk gindin itacen da kifi ke laɓewa. Abin da ya rage shi ne naka. Tun da kamfanin Garmin ya fito da na'urar hango kifi a cikin ruwa mai suna LiveScope a 2018 abin ya ƙara lalacewa. Mutum yana kallon kifi a allo yana iyo a gabansa, ya jefa masa a baki, kai kana baya kana jifa cikin duhu. Wannan gasa ce tsakani da Allah?

Kawu (Birmingham): Alhaji, ranka ya daɗe, lissafin kuɗin da ka yi babu ƙarya a ciki. Inda muka rabu shi ne kalmar ɗan rakiya. Shekarata shida a kulob, huɗu daga ciki ba ni da ko kwale-kwalen roba.

Auta ɗana, bari in gaya maka yadda ranata ta farko ta kasance a tafkin Guntersville. Na yi Asuba a gefen mota, sanyi na ratsa ƙashi, fitilun jirage ja da kore sun cika bakin ruwa. A taron kulob aka yi ƙuri'a, aka haɗa ni da wani dattijo mai ritaya. Kafin a sallame mu sai da aka buɗe tankin ajiye kifi na kowane jirgi aka tabbatar babu komai a ciki, kowa ya ɗaura rigar ceto, sannan aka riƙa kiran lamba ɗaya bayan ɗaya. Har wajen ƙarfe goma ban kama ko ɗaya ba. Dattijon nan ya juyo ya karɓi sandata, ya cire abin da na ɗaura, ya zura ɗan dalma a zaren, ya saƙala tanar roba ya ɓoye bakin ƙugiyar a jikinta don kar ta kama ciyawa. Ya ce in bar ta ta nutse har ƙasa, in ja ta a hankali, in kuma sa ido a kan zaren, kar in jira sai na ji an fizge ni. Can sai na ga zaren yana tafiya gefe shi kaɗai. Na ɗaga sanda da ƙarfi, sai ga kifi mai laba uku. Abin da na koya a wannan wunin, shekara biyar a gaɓa ba su koya mini ba.

Kuma wata mai zuwa wani mutum daban ƙuri'a za ta ba ka. Wannan gwanin ciyawa ne, wancan gwanin ruwa mai zurfi, wani ya san inda kifi ke komawa idan ruwa ya yi sanyi. A shekara ɗaya ka zauna bayan malamai goma, ladan karatun kuwa kuɗin man da za ka taimaka da shi ne. Sannan a gasa da yawa, kamar jerin gasannin Bass Fishing League (BFL), 'yan baya da 'yan baya suke karawa, sikelinsu daban, kyautarsu daban.

Maman Sadiq (Dallas): Ni Kawu abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Baban Sadiq ya kai mu kallon awo sau ɗaya. Mutum ya wuni a rana, ya zo da kifi biyar manya a jaka, aka auna, aka mayar da su ruwa! Ga yara a gida. Mu da muka taso muna jin labarin Argungu, mai giwan ruwa mafi girma shi ke cin gasa, ban taɓa jin an ce a mayar da ita Matan Fada ba.

Kawu (Birmingham): Hajiya, su ma da farko ba sa mayarwa. Ray Scott, wanda ya shirya gasar tafkin Beaver a jihar Arkansas a 1967 da masunta 106, ya kuma kafa ƙungiyar masu kama bass ta B.A.S.S. a Montgomery a 1968, shi ne ya fara kamfen ɗin sakin kifi a 1972, saboda mutanen garuruwan da ake gasa suna ganin baƙi na kwashe musu kifi. Argungu sau ɗaya ake shiga ruwan a lokacin biki, bayan an hana kamun kifi a wurin tsawon lokaci. A nan kuwa tafki ɗaya sai a yi gasa a kansa kusan kowane ƙarshen mako. Da ana tafiya da kifin, da tuni ba sauran na kamawa. Shi ya sa idan kifinka ya mutu kafin awo ake rage maka nauyi, kuma biyar kawai aka yarda ka riƙe. In ka kama na shida, sai ka saki mafi ƙanƙanta. Na miya kuma akwai tarwaɗa, lasisinki ya ba ki dama.

Alhaji (Houston): Mu koma kan magana. Na yarda ana koyo. To bayan koyon fa? Ku nuna mini wanda kulob ɗin unguwa ya kai shi wani wuri.

Kawu (Birmingham): Bryan Kerchal. Yaro ne ɗan jihar Connecticut, aikinsa girki a gidan abinci. Ta hanyar kulob ya bi mataki-mataki har ya samu gurbi a Bassmaster Classic, babbar gasar da aka fara a tafkin Mead a 1971. A 1993 shi ya zo na ƙarshe. A 1994 ya dawo ya cinye ta a tafkin High Rock, yana ɗan shekara 23, a gaban ƙwararrun da wannan ce sana'arsu. A watan Disamba na shekarar jirgin sama ya faɗi da shi.

Alhaji (Houston): Ai ka kawo mini hujjata da kanka. Sama da shekara hamsin ana Classic, mutum ɗaya tak ya ci ta da gurbin 'yan kulob. Dubi yaran yanzu ta ina suke fitowa. Jordan Lee daga ƙungiyar jami'ar Auburn ya fito, ya ci 2017 ya sake cin 2018. Tun suna sakandare ake sa su a jirgi. Auta da ke aiki kwana biyar a mako yaushe zai kamo su?

Kawu (Birmingham): Ɗaya ne ya ci da wannan gurbin, amma waɗanda suka bi ta ƙofar suka zama manya ba ɗaya ba ne. Michael Iaconelli ya ci gasar ƙasa ta 'yan kulob a 1999, ya ci Classic a 2003. Brandon Palaniuk ya ci gasar 'yan kulob ɗin a 2010, daga baya sau biyu yana zama gwarzon shekara. Sannan Alhaji, Auta bai ce zai bar aikinsa ba. Cewa ya yi yana so ya fara.

Yaya Babba (Memphis): Ni na ɗanɗana abin da Alhaji ke faɗa, kar a rufe shi. An taɓa haɗa ni da wani mai jirgi da ya wuni yana juya goshin jirgi zuwa gaɓa, ni ya bar ni ina fuskantar tsakiyar ruwa. Ko gaisuwa bai amsa da kyau ba. Na dawo da jaka babu komai, raina a ɓace, har na ce na daina. Da na gaya wa shugaban kulob sai ya nuna mini a dokarsu an rubuta cewa ɗan baya yana da haƙƙin zaɓar wurin kamu na rabin wuni. Ban karanta ba shi ya sa aka cuce ni. Auta, kafin ka biya ko sisi ka karɓi takardar dokokinsu ka karanta, domin kowane kulob da nasa. Ka halarci taronsu sau ɗaya ka ga yadda suke karɓar baƙo. Idan zaman baya bai yi maka ba, akwai gasar ƙananan kwale-kwale na mutum ɗaya, waɗanda ake kira kayak. A can ba sikeli, a kan allon awo za ka ɗora kifin ka ɗauki hotonsa ka sake shi, tsawo ake lissafawa. Kai ne direban kanka.

Malam (Columbus): Jama'a, akwai abin da ba wanda ya taɓo. Idan kowa ya zuba kuɗin shiga, wanda ya ci ya kwashe, malamai da yawa suna ganin wannan ya yi kama da caca. Idan kuwa kyautar daga wani ta fito wanda ba ya cikin masu gasa, kamar kamfani, hukuncin ya sha bamban. Auta ya tambayi ina kuɗin ke zuwa, sannan ya kai wa malamin da ya amince da shi.

Kawu (Birmingham): Allah ya saka da alheri Malam, wannan ta dame ni ni ma a farko. A namu maki ake tarawa har ƙarshen shekara a ba da kofi, kuɗin da ake zubawa don kifi mafi girma kuma na ganin dama ne, ni ba na sawa. Akwai kulob ɗin da ba haka suke ba, dole a tambaya.

Alhaji (Houston): To. Ni dai har yanzu ina ganin a sama kuɗi ne ke magana, kuma ba wanda ya musa mini wannan. Amma in koyo zai je yi, ya je. Sharaɗina ɗaya Auta: kar in ji ka ci bashin banki ka sayi jirgi don ka kama kifi uku a gasar farko.

Auta (Atlanta): In sha Allahu ba zan yi ba Alhaji. Taronsu ranar Talata ne da daddare, zan je in karɓo dokokin in turo nan. Kawu, in ƙuri'a ta faɗa kaina me zan riƙe?

Kawu (Birmingham): Lasisin kamun kifi na jihar Jojiya a aljihu, rigar ceto taka ta kanka, sanda uku ko huɗu sun isa, jaka ɗaya ƙarama don jirgin ba naka ba ne. Tanar roba da ƙugiya da dalma, ban da tana mai rai, an hana. Ka kira mai jirgin tun daren ku yi magana, ka gaya masa za ka yi Azahar a cikin jirgi don ya sani, ka riga shi isa bakin ruwa, kuma ka miƙa masa kuɗin mai kafin ya tambaya. Agogonka ya zama daidai da na mai awo, domin a dokar B.A.S.S. duk minti ɗaya na latti laba ɗaya ake cirewa, in ka wuce minti 15 kifinka na ranar ya tashi a banza.