Na sayi gida, bango ya fara tsagewa: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Baban Amira, Kano:
Assalamu alaikum. Shawarar waɗanda suka gani da idonsu nake nema. A watan Maris na sayi gida mai ɗaki uku da falo can wajen hanyar Gwarzo. Ranar da dillali ya zaga da ni, fenti sabo fil, har warinsa ake ji. Na ce a raina mai gidan nan akwai tsafta. Ruwan Agusta na sauka sai ga tsaga daga kusurwar tagar ɗakin yara, ta gangaro a karkace tana bin layin bulo kamar matakalar bene. Da farko kamar silin gashi, yanzu tsinken ashana yana shigewa. Ƙofar ɗakin kuma sai an sa mata kafaɗa take rufuwa. Da na kankare fentin sai na tarar da tsohon faci a ƙarƙashi. Wato an san da ita, aka shafe. Magini ya ce in kawo siminti buhu biyu, yini ɗaya ya gama. In ba shi?

Maman Sadiq, Gombe:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, riƙe kuɗinka tukuna. Sau uku muka yi wannan facin, sau uku tana dawowa a wuri ɗaya. Mu nan muna da ƙasar kalo, baƙar laka mai kumbura da damina, da rani kuma ta tsuke ta dare har ka zura hannu a ƙasa. Gida yana zaune a kanta kamar kan mai numfashi. Tamu tsagar da damina sai ta kusa rufewa, mu ce alhamdulillahi ta warke, zafin Maris na shigowa ta buɗe baki. Sai da maigidan ya haƙura ya kawo injiniya. Mutumin bai ko kalli bangon sosai ba, waje ya fita yana bin inda indararo ke zubar da ruwa. Ya sa aka zuba kankare zagaye da gidan, faɗin taku biyu, a ɗan karkace don ruwa ya gudu, aka yi kwata mai kai shi titi. Akwai kuma darbejiya jikin bango, ya ce saiwarta ce ke tsotse danshin kusurwar da rani. Aka sare ta, yara har da kuka, don nan ne wurin wasansu. Ya hana mu taɓa bangon sai da damina da rani suka zagayo, wai ƙasar za ta ɗan taso bayan sare bishiyar. Shekara huɗu ke nan da facin ƙarshe, shiru.

Ɗan Birni, Kano:
Malam, kafin komai je ka zauna wurin mai shayin unguwar ka tambayi dattawa me ke filin nan kafin a gina shi. Ni da na yi wannan tambayar da wuri da ban shiga uku ba. Wani tsoho ne ya kalle ni ya ce, "Gidan naka? Ai nan muke kamun tarwaɗa muna yara." Kududdufi ne aka cike da shara da ɓaraguzai, aka yanka filaye. Duk ɗan Kano ya san kududdufai nawa suka ɓace a haka. Shara kuwa ruɓewa take yi tana zama, gini yana bin ta. Da aka haƙa gefen fandisho, ledoji da tsofaffin silifas muka riƙa fitarwa har zurfin ƙirjin mutum. Gyaran shi ne a riƙa haƙa ƙarƙashin fandishon guntu-guntu, a zuba kankare da rodi, a tsallake wuri, sai wancan ya yi ƙarfi a dawo kan na kusa da shi. Wata biyu muna zaune gidan surukai, kuma motata a nan ta tafi.

Abu Hanif, Zariya:
Ni tawa dariya ce. Mako biyu ban yi barcin kirki ba saboda tsage-tsage kamar saƙar gizo a falo. Ashe filasta ce kawai, an yi ta da hunturu ba a ba ta ruwa ba. Da aka ɓamɓare, bulon lafiya lau.

Injiniya M., Kaduna:
Baban Amira, abin da ka kwatanta ba irin na Abu Hanif ba ne. Tsaga mai bin layin bulo a karkace, ga ƙofa tana cijewa, yawanci alama ce wani ɓangare na fandisho ya zauna fiye da sauran. Fita ka duba bayan bangon: in ta ɓullo ta waje a daidai wurin, ta ratsa bulon ke nan. Ka ja layin fensir a inda ta tsaya, ka rubuta kwanan wata, ka auna faɗinta a wuri biyu ko uku. Ka manna siririn gilashi a gicciye da ita, siminti a kowane gefe. In ya fashe, tana motsi, kuma faci a kan tsaga mai motsi asarar siminti ne. In faɗin ya haura milimita 5, ko bangon ya fara turo ciki, ko ka ga tsaga a ginshiƙi ko rufin kankare (dakin), kada ka jira, ka kwashe yara daga ɗakin. Ka nemi injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ya ba ka rahoto a rubuce da hatiminsa. Sannan tambaya: ina sokawe ɗinka yake?

Sarkin Magina, Katsina:
Ranka ya daɗe Injiniya, duk an ji, amma a daina ɗora mana laifi mu kaɗai. Shekarata 26 da cokali a hannu. Masu ginin sayarwa su ke kawo bulon da aka buga hamsin a buhu ɗaya, ka murza da yatsa ya zama gari. Ka ce a zagaye gida da lintal, a ce a yi kan ƙofa da taga kawai. Ka ce fandisho bai kai ba, a ce kai ne za ka biya? In ka ƙi aikin, gobe wani ya karɓa. Shi kuwa maginin da ya ce buhu biyu, abincin yininsa yake nema, ba mugunta ba ce.

Ummu Khalil, Maiduguri:
Mu bayan ambaliyar Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, muka samu gida da araha. Araha ba ta ado. Wata bakwai da tarewa katanga ta rabu da jikin ɗaki, filasta daga ƙasa tana ɓarewa da farin gishiri. Ruwan ya janye amma ya tafi da ƙasar da ke ƙarƙashi. Har yanzu muna tara kuɗin gyara, ɗakin mun mayar da shi sito.

Malam Na-Zaure, Maraɗi:
Ku yi mani haƙuri, ni ɓangaren haƙƙi zan taɓa, don na taɓa zama shaida a irin wannan rigima. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. A Muhtasar na Shehu Halilu, littafin fiƙihun Malikiyya, tsagar bango ce ma aka kawo misali da ita: in ba a tsoron faɗuwar gidan, ciniki yana nan amma mai saye ya karɓi kuɗin aibin, in aibin babba ne, yana iya mayar da gida. A tamu shari'ar tsohon facin ne ya kama mai sayarwa. Ka ɗauki hotonsa, ka kira mutum biyu su gani kafin kowa ya taɓa shi.

Baban Amira, Kano:
Allah ya saka da alheri. Injiniya, tambayarka ta ƙarshe ce ta tayar da ni. Sokawen yana bayan ɗakin yaran, taku uku. Jiya muka haƙa, bututun da ke zuwa daga banɗaki ya fashe daidai ƙarƙashin kusurwar, ƙasar wurin ta zama kunu. An canza bututu, na manna gilashi, yara sun koma ɗakin mahaifiyarsu. Na kira mai gidan, ya ce shi ma a haka ya saya, dillali kuwa wayarsa a kashe tun safe. Ranar Asabar bayan la'asar za mu zauna gaban mai unguwa, da hotunan a wayata.