Waɗanda suka taɓa kai yara gasar mutum-mutumi ta shiyya, ku ba mu labari

Malamin Lissafi, Zariya

Assalamu alaikum. Bana ne karon farko da makarantarmu za ta shiga gasar FIRST LEGO League, wadda gidauniyar Coderina ke gudanarwa a Najeriya. Yara takwas gare ni 'yan ƙaramar sakandare, akwatin kayan haɗa mutum-mutumi na SPIKE Prime ɗaya tal, sai kwamfutar ofis da muke ara bayan an tashi. Littafin dokoki na karanta shi. Na san minti biyu da rabi ake ba mutum-mutumi ya yi ayyukan da ke kawo maki a kan teburin gasa, na san sau uku ake bugawa a ɗauki makin da ya fi yawa. Abin da littafi bai faɗa ba nake nema. Duk wanda ya taɓa tsayawa a zauren nan ranar zagayen shiyya, malami ne ko ɗalibi ko mahaifi, don Allah ya gaya mana abin da idonsa ya gani.

Malamar Kimiyya, Kano

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba da sa'a. Mu mun je a kakar SUPERPOWERED, ta 2022 zuwa 2023, wadda aka gina a kan makamashi. Abin da zan fara gaya maka shi ne ƙura. Da hunturu muka je, kuma ƙurar nan mai laushi da ido ba ya gani tana kwanciya a kan shimfiɗar teburi da tayoyin roba. Tayar da ta sha ƙura takan zame kaɗan duk sanda na'urar ta tashi ko ta yi kwana. Ita kuwa ƙwaƙwalwar na'urar juyin inji take ƙirgawa, ba ta san taya ta zame ba, sai ta ɗauka ta kai inda ba ta kai ba. Kuskuren santimita ɗaya a kwanar farko, kafin a je ƙarshen teburi ya zama uku ko huɗu, hannun ya wuce abin da zai ɗaga ya kama iska.

Haka ta faru da mu a bugun farko. Yarinyar da ke sakin na'urar ta juyo ta kalle ni ido cike da ƙwalla, ni kuma doka ta hana ni matsawa kusa da teburi. Yaran wata makaranta da ke zaune kusa da mu ne suka miƙo mana tsumma mai ɗan danshi, suka ce mu riƙa goge taya kafin kowane bugu. Abokan hamayyarmu ne fa, amma ba su yi mana rowa ba. A bugu na biyu komai ya zauna daidai.

Sai batir. Ku riƙa atisaye da shi cike, ku kuma buga da shi cike, don tafiyar inji takan canja idan ya yi sanyi. Ku tafi da wayar jona wuta taku mai tsawo, saboda soket ba ya isar jama'a.

Tsohon ɗan takara, yanzu a jami'a

Malam ina wuni. Ni na buga ina ɗalibi, da tsohon akwatin EV3, wanda aka daina yin sa a 2021 amma makarantu da yawa da shi suke aiki har yanzu. Abin da ya fi ba ni wuya hannuna ne. Idan na'ura ta bar gida, wato kusurwar da ake sakinta, ba a taɓa ta. Akwai 'yan alamomi shida a gefen teburi, duk sanda ka kai hannu ka ɗauko ta a waje alƙali zai cire ɗaya. A kakannin baya-bayan nan, idan shida ko biyar suka rage maki 50 ne, huɗu 35, uku 25, a haka yake ta sauka. Ka ga ɗauka ta farko kyauta ce, ta biyu ce ke fara cizo. Yaron da bai san wannan ba, ko dai ya tsaya yana kallon na'ura ta maƙale a jikin bango har lokaci ya ƙare don tsoro, ko ya yi ta cafkar ta har alamomin su ƙare. Ku zauna tun a makaranta ku yanke: idan ta maƙale a wuri kaza za mu ɗauko, a wuri kaza za mu bar ta.

Kuma ku yi atisayen canja hannuwan na'ura da agogo. Mu tafiyar na'urarmu ba ta ci lokaci sosai ba, cire wannan hannu a saka wancan ne ya cinye mana kusan rabin lokacin nan na minti biyu da rabi, ga ihun jama'a, ga yatsu suna rawa.

Tunda malamin lissafi ne kai, ga abin da ba zan manta ba. Faɗin tayarmu milimita 56 ne, juyi ɗaya yana ba da tafiyar santimita 17.6. Ranar da na raba nisan da nake so da wannan adadi, na rubuta a kwamfuta, na'urar ta je ta tsaya cak a inda na ce, ranar na yarda cewa lissafin da'ira da ake koya mana a allo gaskiya ne.

Maman 'Yan Biyu, Katsina

Ni uwa ce, ban san komai a kan na'ura ba. Da 'yata ta kawo takardar neman izini mahaifinta cewa ya yi ba za ta je ba, ina dalilin 'ya mace ta kwana a wani gari saboda kayan wasan yara. Malamarsu ce ta tako har gida ta zauna da mu, ta faɗi inda za su sauka, ta ce ita da kanta za ta kwana ɗaki ɗaya da 'yan matan. Sannan ya amince, da sharaɗin in bi su. Malam, idan akwai mata a cikin yaranka, ka nemi malama mace tun yanzu, kuma ku je wa iyaye da ƙafa. Takarda kaɗai ba ta wadatarwa.

Abin da na gani a can ya taɓa ni. Yarinyar da a gida ko baƙo ba ta iya haɗa ido da shi, ita ce ta tsaya gaban alƙalin teburi tana nuna masa cewa akwai aikin da bai ƙirga musu ba. Cikin ladabi ta yi, ya duba, ya gyara kafin ta sa hannu a takardar maki. Ku kuma tafi da abinci da ruwa naku, ku duba jadawali da wuri ku ga inda azahar ta faɗa, don mu bugunmu na biyu dab da ita ya zo.

Alƙalin sa-kai

Na taɓa zama a ɗakin alƙalai, bari in faɗi abin da masu zuwa karon farko ba su cika lura da shi ba. Duk hayaniyar a teburi take, amma teburi kashi ɗaya ne cikin huɗu. Sauran ukun su ne bayanin yadda aka ƙera na'urar, aikin bincike na ƙirƙira, da ɗabi'un ƙungiya, kuma nauyinsu ɗaya wajen fitar da zakara. Na ga ƙungiyar da ta fi kowa maki a teburi ta koma gida ba ta samu gurbin zuwa zagayen ƙasa a Abuja ba.

Kusan rabin sa'a muke yi da kowace ƙungiya, kuma ba a daɗewa muke gane na'urar da malami ya haɗa. Tambaya ɗaya ce: me ya sa kuka sa injin nan a baya ba a gaba ba? Yaran da suka yi da hannunsu sai su hau ba ka labari, da a gaba yake, na'urar ta riƙa kifewa, wance ce ta ce a mayar da shi. Waɗanda aka yi wa kuwa sai su dubi ƙofa, inda malaminsu yake. Raina yana ɓaci idan na ga haka, don yaran ba su da laifi, an ƙwace musu abin da suka zo nema ne. Malam, ka bar su su yi mummunar na'ura tasu. Ka sa su riƙa ɗaukar hoton kowane salo da suka gwada ya ƙi, su zo da shi. Wannan littafin gwaje-gwajen yana da daraja a wurinmu ƙwarai.

Malamin makarantar gwamnati, Gusau

Ranka ya daɗe, na yarda da kai a kan malamin da ke yi wa yara aiki, amma akwai abin da ba ka taɓo ba. Mu akwati ɗaya yara goma suke rabawa, ba mu da teburin katako mai bango, a ƙasan siminti muke baza shimfiɗa. Mun je mun tarar da makarantun da kowane yaro biyu ke da akwatinsu, suna da teburi irin na gasa sak. Na'urar da ta saba jingina da bangon teburi ta daidaita kanta ba ɗaya take da wadda ba ta taɓa ganin bango ba. Kayan nan daga waje ake kawo su, farashinsu dala yake bi, ba kowace makaranta ke iyawa ba.

Sannan Turanci. Yarana sun san na'urarsu ciki da waje. Yaron da ya rubuta mana umarnin bin layi, idan da Hausa ne zai yi maka bayani har ka gaji, amma da aka tambaye shi da Turanci sai ya daskare, ya ce "yes sir" ya yi shiru. Na tabbata an rubuta cewa bai sani ba. Wannan abu har yau yana ci mini rai.

Alƙalin sa-kai

Malam, gaskiyarka a kan kayan aiki, ba ni da ja. A kan harshe kuwa, takardar da muke cikewa ba ta da gurbin kyan Turanci, fahimta take nema. Amma na yarda yaron da ya yi shiru ba mu da hanyar shiga zuciyarsa. Abin da na ga ya yi aiki shi ne wata ƙungiya da yaro ya ce a ba shi izini ya nuna maimakon ya faɗa. Ya ajiye na'urar a ƙasa, ya buɗe kwamfuta, yana nuna layin umarni yana nuna abin da taya ke yi, abokiyarsa tana cike masa kalmar da ta ɓace. Sun samu maki mai kyau. Kada a ba su rubutu su haddace, don mai hadda da an katse shi da tambaya shi ke nan ya ɓace. A samo baƙin fuska, malaman wani aji ko iyaye, su riƙa yi musu tambayoyi tun a makaranta.

Malamin makarantar gwamnati, Gusau

Na ji, za mu gwada. Amma ina nan a kan cewa ya kamata a kowane ɗaki a samu alƙali ɗaya mai jin harshen yaran shiyyar. Batun teburi kuma, daga baya wani kafinta mahaifin ɗalibinmu ya haɗa mana da falanki, tsawo kusan santimita 236, faɗi 114. Malamin Zariya, ka nemi kafinta tun yau.

Malama daga Haɗeja

Ni a kan aikin bincike zan yi magana, don shi aka fi bari sai makon ƙarshe. Kakarmu SUBMERGED ce, ta 2024 zuwa 2025, a kan binciken teku, ga yarana babu wanda ya taɓa ganin teku. Da farko sun kwaso bayanai daga intanet suna karantawa ba tare da sun ji a jikinsu ba. Sai muka je bakin kogi wajen masunta. Wani dattijo ya gaya musu cewa babbar wahalarsu ita ce ruwa ya yi duhu, ga ciyawar kacala ta rufe hanya, ba ka sanin abin da ke ƙasa sai kwalekwale ya dake shi. Daga nan yaran suka kama zaren: yaya ake gane abin da ke cikin ruwan da ido ba ya ratsawa? Ita ce matsalar masu binciken teku ma. Suka gwada auna zurfi da amsa-kuwwar sauti a cikin duro, ya yi aiki wani lokaci, wani lokaci ya ƙi, suka rubuta duka. Alƙalai sun fi daɗewa a kan hirar masuntan nan fiye da komai.

Malamin Lissafi, Zariya

Allah ya saka wa kowa da alheri, na cika shafi biyu. Malama, maganarki ta zo a kan gaɓa. Kakarmu UNEARTHED ce, ta 2025 zuwa 2026, a kan aikin masu tono kayan tarihi, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan kusa da mu tana da sashen wannan fanni. Zan rubuta musu takarda in ga ko za su karɓi yaran. Tambaya ɗaya ta rage: na'urarmu tana tafiya daidai da safe, da rana kuma sai ta riƙa kauce wa baƙin layi. Me ke jawo haka?

Malama daga Haɗeja

A wannan kakar ku 'yan Arewa kuna da abin faɗa. Ga gumakan yumɓu na Nok a kudancin Kaduna, ga kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987 a yankin da ke jihar Yobe yanzu, mai shekara kusan 8,000, ga kaburburan Durɓi Takusheyi a Katsina, ga ganuwar Zazzau a ƙofar gidanku da ruwan sama da masu ɗibar ƙasa ke ci kullum. Ka bar yaran su tambayi masu tonon abin da ya fi wahalar da su a fili, kada ka zaɓa musu.

Tsohon ɗan takara, yanzu a jami'a

Malam, haske ne. Idon da ke gane launi yana auna hasken da ya dawo daga shimfiɗa, to idan rana ta shigo ta taga adadin da yake karantawa na fari da baƙi sai ya canja. A zauren gasa ma haka za ku tarar, fitilunsu daban da na ajinku. Ku sauko da idon kusa da shimfiɗa, kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ku gina masa 'yar rumfa da bulo-bulon LEGO ta kare shi daga hasken gefe. Ku kuma rubuta ɗan gajeren umarni da zai auna fari da baƙi ya ajiye, yaran su gudanar da shi da zarar an ba su damar gwada teburi da safe.

Ma'aunin kwana da ke cikin ƙwaƙwalwar SPIKE shi ma yana da nasa hali. Idan aka kunna ta tana hannu ana motsi, lissafin kusurwa zai riƙa zamewa. A ajiye ta a ƙasa ta natsu kafin a kunna, a kuma mayar da kusurwa sifili a farkon kowace fita. Ina gida hutu makon gobe, idan kun yarda zan shigo makarantar ranar Asabar in duba tare da su.