Katalis: kanwa ce ko dillali?

Malamin sakandare, Asawase: Salamu alaikum. Ina shirya wa ɗalibaina labarin rigimar da aka yi kan robar kujerun biki da na suna, sai kalma ɗaya ta cije mini: katalis. Abu ne da ake sa wa sinadarai su haɗu da wuri, shi kuma ya fito yadda ya shiga. A 1953 Karl Ziegler na Jamus ya haɗa nasa da titaniyam da alminiyam. A 1954 Giulio Natta na Italiya ya yi wannan roba da irinsa. Kamfanin Phillips na Amurka ya ce ina, ma'aikatansa biyu sun riga su tun 1951, da nasu mai kuromiyam. Ziegler da Natta suka ci kyautar Nobel a 1963, amma takardar mallakar robar a Amurka sai 1983 ta fito, kuma Phillips aka ba. To me za mu kira shi?

Mai waakye, Aboabo: Malam, ai kanwa ke nan. Ka jefa ɗan gutsure, wake ya nuna tun gawayi bai cinye ba.

Malamin: Hajiya, kin kusa. Amma kin taɓa tsamo kanwar jiya daga tukunya kika dafa waken yau da ita?

Bakanike, Suame Magazine: Mu katalis muke cewa. Yana cikin salansa, kamar saƙar zuma, ɓarayi na yanke shi saboda filatinam, ƙarfe mai tsada da ke ciki. Ko yaron shagona ya san sunan. A ƙyale shi haka.

Dattijo, Zangon Kumasi: Yara, dillali kuke nema. Mai sa yana can, mahauci yana nan, kowa ya ɗaure fuska. Dillali ya riƙo hannun wannan, ya jawo na wancan, aka ce an sallama. Shi bai tafi da sa ba, ya wuce wani cinikin.

Malamin: Baba, Allah ya ƙara girma, wannan ta zauna. Haka sinadaran ke manne wa jikinsa, su haɗu, su sake shi, wasu su zo. Matsala ɗaya: shi ba ya karɓar la'ada.

Bakanike: La'adar ce Phillips ya yi shekara talatin yana bi, har kotu.

Malamin: Shi ke nan. Litinin zan rubuta "dillalin sinadari" a allo, mu ji abin da yaran za su ce.